Yadda Za Ka Gane Ko Shirin Sola Na Gwamnati Zai Rage Ɗauke Wuta

Duk sanda minista ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce za a samo megawat dubu kaza daga rana da iska, ni ba na saurin tafi. Akwai tambayoyin da nake yi wa takardar shirin, kai ma ka gwada su.

Fara da raba adadin megawat ɗin da aka faɗa gida huɗu ko biyar. Tashar sola mai megawat 100, in ka haɗa dare da ranakun hadari, abin da take bayarwa a shekara kwatankwacin megawat 20 zuwa 25 ne. Sai ka duba lokacin da wuta ta fi ƙaranci. A ƙasashe da yawa bayan faɗuwar rana ne, sanda kowa ya koma gida ya kunna fitila da talabijin. In takardar ba ta ambaci manyan batura ko madatsar ruwa ko tashar gas da za ta karɓi aikin dare ba, duhun yana nan daram.

Daga nan ka bi waya, a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kenya ta kammala tashar iska ta Tafkin Turkana mai megawat 310 a 2017, fankoki 365 a tsaye, amma layin da zai yi dakon wutar, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammalu ba sai Satumbar 2018. Sama da shekara iska tana kaɗawa a banza, ga kuma kuɗin wutar da ba a sha ba an bi gwamnati. Biyetnam ma a 2017 ta yi alkawarin sayen kowane yunit na sola a kan senti 9.35 na dala. 'Yan kasuwa suka yi tururuwa, zuwa ƙarshen 2020 sola ta haura megawat 16,000, har ta kai ana umartar wasu tashoshi su rage wuta da tsakar rana domin layuka ba za su iya ɗauka ba. Saboda haka ka nemi kasafin layin dako a cikin takardar, da ranar gama shi.

Sai mai saye. Wa zai sa hannu a yarjejeniyar sayen wutar na shekara ashirin, kuma yana da abin biya? Kamfanin da bashi ya yi wa katutu, babu bankin da zai ba da rance a kan alkawarinsa. Afirka ta Kudu ta fara ba 'yan kasuwa kwangilar sola da iska ta hanyar gasa a 2011, farashi ya yi ta sauka, amma daga 2016 Eskom, kamfanin wutar lantarki na gwamnatin ƙasar, ya ƙi sa hannu a sababbin yarjejeniyoyi har Afrilun 2018. Tashoshin da aka jinkirta a lokacin, an ji rashinsu da ɗauke wuta ya tsananta.

Abin da na fi ba muhimmanci kuwa ba ya cin gwamnati ko sisi: dokar lasisi. A can Afirka ta Kudun, a da in za ka samar da fiye da megawat 1 sai da lasisi. A 2021 aka ɗaga zuwa 100, a 2023 aka cire iyakar gaba ɗaya, masu ma'adinai da masana'antu suka shiga gina nasu da kuɗinsu. Ka duba ko takardar da ke hannunka ta yarda mai masana'anta ya kafa sola, ya tura rarar wutarsa kan layin ƙasa, a biya shi, kuma nawa ne yunit.