Kifin Loach Da Ya Dace Da Tankin Haɗaka

Kafin a saka loach, wato wani kifin ado mai zama a ƙasan ruwa, a tanki tare da wasu kifaye, a fara sanin girman da zai kai, domin ɗan ƙaramin loach nau'in clown da ake gani a shago yana iya kaiwa santimita 30. A ganina loach nau'in kuhli ya fi dacewa, saboda ba ya wuce santimita 10 kuma ba ya faɗa da kowa. A sayi shida ko fiye, don idan shi kaɗai ne ɓuya yake yi. A shimfiɗa masa yashi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi tana yanke masa gashin baki yayin tonon abinci, sannan a rufe tankin sosai, tunda ta ɗan ƙaramin gibi yake sulalewa.