Kurakuran da ke cin 'yan dambe tun kafin su sa zare

Yawancin yaran da ke shiga dambe a Katsina da Daura da garuruwan da ke tsakaninsu ba dukan abokin karawa ne ke raba su da sana'ar ba. Abin da ke raba su da ita shi ne hannun da ya karye a wurin atisaye, da kan da ya bugu aka koma fili kafin ya warke, da faɗan bakin titi da ke kai mutum gaban alƙali. Tushensu ɗaya ne: yaro ya ɗauka dambe hannu ne kawai, sai ya tara hankalinsa a hannun zare, wato hannun da ake naɗe wa zare a kai duka da shi, ya bar ƙafa da numfashi da kai da zuciya. Mai kokawa da mai karate ko takwando ma zai ga kansa a nan.

Buhu da hannu

Kuskuren farko yana rataye a jikin bishiyar dalbejiya: buhu cike da yashi zalla. Kwana kaɗan yashin zai sauka ƙasa ya daskare, sai gindin buhun ya koma kamar dutse. A cika buhu da yankakkun tsummokara ko dusar katako, a ƙulle yashi a ƙananan ledoji a cusa su tsakiya don nauyi, kuma nauyin kada ya wuce rabin na mai dukansa. Dukan bango ko kututture da sunan ƙarfafa hannu ba ya ƙara komai sai lalata gaɓoɓi.

Ƙashin da ya fi karyewa shi ne na bayan hannu da ke riƙe ƙaramin yatsa. Yana karyewa ne idan duka ya sauka a gefen dunƙule, ko wuyan hannu ya lanƙwashe lokacin saukarsa. Gyaran shi ne wuyan hannu ya miƙe sak da sauran hannun, duka ya sauka a kan gaɓoɓi biyu na farko, na manuniya da na tsakiya. Alamar karaya ba ta ɓuya: kumburi, gaɓar ta nutse ciki, in an dunƙule ƙaramin yatsan ya hau kan na kusa da shi. A ɗauki hoton ƙashi kafin a je wurin mai ɗori, domin idan ƙashin ya murɗe aka ɗora shi haka, haka zai haɗe, hannun ba zai ƙara dunƙulewa daidai ba. Yana ɗaukar wajen mako 6 kafin ya haɗe, kuma haɗewa ba izinin komawa duka ba ne, sai an ƙara wasu makonni ana motsa shi a hankali.

Wajen ɗaurin zare kuwa, matsewa ake wuce gona da iri. Ƙyalle ya fara kwanciya lumui ba tare da ninki ba, sannan zare. In akwai farcen da ke waje a danna shi: ja ya dawo cikin daƙiƙa 2. Idan hannu ya fara sanyi ko ya mutu, a kwance a sake. Kuma kada a ɗaure tun ana sauran awa guda a zauna jiran turmi, wato zagayen karawa.

Ƙafa ce ke kisa

Ƙarfin duka daga ƙasa yake tasowa. Ƙafar baya ta tura, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ne na ƙarshe. Yaron da ke wurga hannu daga kafaɗa kaɗai yana gajiya da wuri, dukansa kuma ƙara ne babu nauyi. Mafi muni shi ne wanda ke jefa duk nauyinsa a ƙafar gaba yana bin dukan da jikinsa. In ya kuskure, shi da kansa zai kai hannu ko gwiwa ƙasa, ga shi kuwa a dambe wanda ya taɓa ƙasa ya faɗi. Ko bai faɗi ba, haɓarsa a buɗe take.

Tsayuwa ita ce a buɗe ƙafa ta ɗan zarce faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, diddigen baya a ɗage kaɗan, nauyi a tsakiya. In za ka gaba, ƙafar gaba ce ke fara tafiya ta baya ta biyo. In za ka baya, ta baya ce ke farawa. Ba a harɗe ƙafafu, ba a haɗe su wuri ɗaya, don a nan shuri ɗaya ke kwashe mutum. A ja layi biyu a ƙasa su gicciye, a riƙa taku gaba da baya da gefe a kansu, minti 3 a huta minti 1, sau biyar, ba tare da an kai duka ko ɗaya ba. Yara ba sa son wannan atisaye saboda babu mai kallo, amma shi ne ke bambanta wanda zai daɗe.

Hannun garkuwa kuma ba ado ba ne. Shi ke auna nisa, shi ke rufe wa abokin karawa gani, shi ke ture kafaɗarsa kafin dukansa ya taso. Da yawa suna sauke shi daidai lokacin da suke kai nasu dukan, kuma duk tsohon ɗan dambe wannan lokacin yake jira. In bahago ne a gabanka, ajiye ƙafarka ta gaba a wajen tasa, ka zagaya kana nesa da hannunsa na zare.

Zafi da ruwa

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40. Masu sassarfar asuba a kewayen filin wasa na Muhammadu Dikko sun fi mai gudu da azahar cikin rigar leda hikima. Gumin da ake matsowa da leda ruwa ne, ba kitse ba. A auna nauyi kafin atisaye da bayansa: kowane kilo da ya ragu kusan lita guda ce ta ruwa, a mayar da lita ɗaya da rabi a hankali. In gumi ya yi yawa a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari mai duhu alama ce ta cewa ruwa bai isa ba. A watan azumi a mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki. Abinci ba sai mai tsada ba: wake, awara, ƙwai, ƙuli-ƙuli, nono da fura sun isa gina jiki, in an haɗa da barcin awa 8.

Kan da ya bugu

Nan ne ake asarar rai, kuma nan ne aka fi sakaci. An kashe yaro, wato an buge shi ya faɗi, sai jama'a su rufa a kansa: wannan na kwara masa ruwa, wancan na ɗaga shi tsaye, wani na girgiza kansa. Duk kuskure ne. Wanda ya suma ba a ba shi ruwa a baki, zai iya shaƙa ya tafi huhu. Ba a fizgar wuyansa. A duba yana numfashi, a juya shi kan gefensa kai da wuya da gangar jiki su tafi tare, a ba shi iska.

Ba sai an suma ba ne ƙwaƙwalwa ke girgiza. Jiri, ganin abu bibbiyu, maimaita tambaya ɗaya, kasa tuna yadda aka fara turmin, duk alamu ne. A tambaye shi: wane gari muke, da wa ka kara, turmi na nawa ne? In ya yi inda-inda, wasansa na ranar ya ƙare, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya fi yaudara shi ne yaron ya farfaɗo ya yi hira har ya ci abinci, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa, musamman in dukan ya same shi a gefen kai kusa da kunne. Bayan 'yan awoyi sai ya fara barcin da ba a iya tashinsa. Saboda haka kada ya kwana shi kaɗai, kada ya hau babur. In aka ga amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko jijjiga, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko ruwa ko jini daga kunne, ko gefen jiki ya saki, a nufi asibiti a daren, a faɗa musu duka ne a kai. Daga ƙauyukan Daura a fara da babban asibitin garin, su za su tura Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina in ana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa. A kwana biyun farko farasitamol kaɗai za a sha. Asfirin da ibufurofen da dikilofenak suna iya ƙara zubar jini.

A damben zamani na waɗanda ba su mayar da shi sana'a ba, wanda aka buge ya kasa ci gaba yana hutun aƙalla kwana 30, in ya suma kuwa wata 3 ko fiye. Gidajen dambenmu sun fi kowa buƙatar wannan ƙa'ida, don a lokacin kaka yaro yana iya faɗuwa a wannan gari ranar Juma'a ya sa zare a wani gari ranar Lahadi. Duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba yana iya kumbura ta nan take. Wannan nauyi ne a wuyan maigida. In yaro ya ce, "Maigida, wallahi na warware," amsar ita ce, "Na ji, ɗana, amma zarenka yana hannuna sai wata ya zagayo."

Ƙananan abubuwa biyu: haɓo ba a ɗaga kai sama, a sunkuya a matse taushin hanci minti 10 ba saki. Robar da ake sawa a baki don kare haƙora kuma ba ta kai kuɗin haƙori ɗaya ba.

Ƙwaya da tsaga

Taramol ba ya ƙara ƙarfi. Zafi yake ɓoyewa, sai mutum ya ci gaba da duka da karyayyen hannu, kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024. Wiwi kuma yana rage saurin gani da kaucewa, abin da ɗan dambe ya fi buƙata. Tsagar da ake yi a hannu a shafa magani, in reza ɗaya ta zagaya mutum biyar, hanya ce ta ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau.

Kiɗi da kirari

Kalangu na tashi, maroƙi na zuga, 'yan Kudu ko Arewa ko Guramaɗa, wato ɓangarorin dambe, na ihu, sai yaro mai kilo 60 ya miƙa wa mai kilo 80 hannu. Wannan ba jarumta ba ce, rashin mai tsawatarwa ne. Ƙin karawar da ba ta dace ba haƙƙin yaro ne da maigidansa. A cikin turmi kuma, fushi ne ke sa a riƙe numfashi, a rufe ido, a kai duka uku a iska. A saba fitar da numfashi tare da kowane duka, a sa ido a ƙirjin abokin karawa, ba a fuskarsa ko a 'yan kallo ba. A wurin atisaye a kara da rabin ƙarfi. Wanda ke neman kisa a kan abokin atisayensa yana cinye ƙwaƙwalwar gidansu ne a banza.

Bakin titi ba fili ba ne

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗaukar abin da aka koya a kai shi majalisa ko tasha ko gidan kallon ƙwallo. A fili akwai yashi, akwai alƙali, mutum ɗaya ne a gabanka kuma ka ga hannunsa. A titi kwalta ce, kuma sau da yawa ba naushin ke kashe mutum ba, ƙeyarsa ce da ta bugi ƙasa. Ba ka san abin da ke ƙugunsa ba, ba ka san su nawa ne a bayanka ba. Duk wanda ya san ƙauraye, wato 'yan daba, ya san ba hannu suke zuwa da shi ba. Babu atisayen da ke tare wuƙa ba tare da yanka ba, kuma duk malamin da ya ce yana da shi a guje shi. In ƙarfe ya fito, a sa wani abu tsakani, benci ko babur, a gudu inda jama'a suke.

Kafin a kai nan akwai abin yi. Ja baya taku biyu, yadda hannunsa ba zai kai gare ka ba sai ya tako. Ɗaga tafukan hannu a buɗe daidai ƙirji: ga mai kallo haƙuri kake bayarwa, ga kai kuma garkuwa ce. Kada ka nuna shi da yatsa, kada ka taɓa rigarsa, kada ka ambaci iyayensa. Sassauta murya ka ba shi girmansa: "Yaya, yi haƙuri, ban lura ba," ko "Baba, Allah ya huci zuciyarka." Bar masa hanyar fita a gaban abokansa, don yawancin faɗa kunyar ja da baya ce ke hura shi. Hadisi ingantacce ya nuna cewa mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, kuma an koyar da mai fushi ya nemi tsari, in yana tsaye ya zauna. Wannan ma atisaye yake so: a sa yara biyu, ɗaya ya yi ta tsokana minti 2, ɗayan ya riƙe nisa da murya har ya fice ba tare da ya dunƙule hannu ba.

Doka ta yarda mutum ya kare kansa, amma gwargwadon barazanar kawai. Bin wanda ya juya baya, ko ƙara wa wanda ya faɗi, ya fita daga kare kai, kuma sanin da aka yi maka na ɗan dambe ba zai taimake ka a kotu ba.

In ƙaddara ta sa an yi, a duba hannu. Ɗan yankan da haƙori ya yi a kan gaɓa yana kai ƙwayoyin cutar baki cikin gaɓar, kwana ɗaya ko biyu hannu ya kumbura ya yi ruwa. A wanke da sabulu da ruwa mai yawa, kada a ɗinke a kemis, a je asibiti a ranar a faɗi gaskiya cewa haƙori ne, a karɓi maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanos in ana buƙata. Sannan maigida ya ɗauki yaron da wani dattijo su je wurin mai unguwa kafin ɗaya ɓangaren ya tara nasa mutanen, a biya kuɗin magani in akwai rauni, a yi sulhun a gaban shaidu.