Yadda Ake Zaɓa wa Jaririya Lakabin da Ya Dace da Sunanta

Kafin ranar suna, iyaye su fara duba sunan yanka, domin yawancin sunayen mata suna da lakabin da aka saba haɗa su da shi: Fatima takan zama Binta ko Zahra'u, A'isha Indo ko Humaira, Hauwa'u kuwa Kulu ko Jidda. Idan sunan kakarta aka mayar mata, alkunya ta hana iyaye ambatonsa, sai a kira ta Ummi ko Walida, kuma a ganina wannan ya fi kowane dalili ƙarfi. Mazauna Agege da Idi-Araba a Legas su guji lakabi mai ƙ ko ɗ, saboda maƙwabta Yarabawa da malaman makaranta za su sauya furucinsa.