Kafin ku sayi datar da ake cewa ba ta ƙarewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu kukan cewa sun sayi data marar iyaka amma tun tsakiyar wata bidiyo ya koma sai juyawa yake yi, ba wayarku ce ta lalace ba. Yawancin irin wannan tsari yana da gejin da kamfani ya sa, a sharuɗɗansa za ku ga an rubuta FUP (Fair Usage Policy), wato ƙa'idar da ta sa iyaka ga yawan datar da za ku sha da cikakken gudu. Da zarar kun cinye gigabait ɗin gejin, sai a rage muku gudu. Saƙon WhatsApp zai shiga, amma kiran bidiyo sai a hankali.

Don haka kafin ku biya, ku kira 300, lambar kula da abokan ciniki ta kamfanonin layi a Najeriya, ku tambaya: gejin nawa ne, na kullum ne ko na wata, kuma wane gudu zai rage bayansa? Ku ɗauki hoton sharuɗɗan ku ajiye. Wannan yana da muhimmanci, don a Amurka ma sai da kamfanin sadarwa na AT&T ya amince ya biya dala miliyan 60 a 2019 saboda rage wa mutane gudu ba tare da cikakken bayani ba.

Don kada ku cinye gejin da wuri, ku rage ingancin bidiyo zuwa 480p, ku hana manhajoji sabunta kansu. Idan kamfani bai warware ƙorafinku ba, ku kira NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa a Najeriya, a 622, kyauta ne.