Kurakuran da muke yi idan yaro mai buƙata ta musamman ya shigo ajinmu

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba su damar karatu kyauta har ƙarshen sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su, ta kuma ɗebi shekara biyar don a gyara gine-gine. Wa'adin ya cika a farkon 2024, amma a makarantu da yawa dakalin ƙofar aji yana nan yadda yake. Duk da haka yaran suna zuwa. Makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano da ta makafi ta Gindiri a jihar Filato, wadda aka buɗe tun 1953, da sauran irinsu ba za su ɗauke kowa ba, kuma ba kowace uwa ce za ta yarda a kai ɗanta mai shekara shida makarantar kwana a wani gari ba. Makarantar unguwa ake kawo su, hannunmu malaman aji. Gini da kayan aiki nauyin gwamnati ne, kuma ya kamata a ci gaba da matsa mata. Amma yawancin abin da ke korar waɗannan yara daga karatu a cikin aji yake faruwa, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka an gama aiki da zarar an sa sunan yaro a rajista. Sai a ba shi wuri a bencin baya ko kusa da ƙofa, a kira sunansa da safe, daga nan ba mai sake waiwayarsa har a tashi. Zango ya ƙare ba a taɓa yi masa tambaya ba, ba a taɓa buɗe littafinsa ba. Malam, ka gwada kanka da wannan: yaushe rabon da ka jefa wa yaron nan tambaya a gaban aji, ka tsaya ka jira amsarsa? In ba ka tuna ba, gobe ka fara da shi.

Sai kuma tausayin da ke cutarwa, wanda ya fi wuyar ganewa domin da kyakkyawar niyya ake yinsa. "Bar shi, bawan Allah, kada a wahalar da shi." A ɗauke masa aikin gida, a cire shi daga shara da wasa, in jarrabawa ta zo a rubuta masa maki hamsin don kada ransa ya ɓaci. Yaro ba wawa ba ne, yana gane cewa ba a sa ran komai daga gare shi, kuma 'yan ajinsa ma suna ganewa. Mun tashi a garuruwan da aka saba ganin makaho da ɗan jagora, gurgu a bakin masallaci ranar Juma'a, har ido ya saba haɗa lalura da bara. Malamin da ke ba da makin sadaka wannan hanyar yake share wa yaro, ko bai nufa ba. Ya kamata mu tuna cewa Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda Suratu Abasa ta sauka a kansa, ilimi ya zo nema, kuma daga baya ya zama ladani, har Manzon Allah (SAW) yakan bar masa Madina idan zai yi tafiya. Nauyi aka ɗora masa. Abin da ya halatta ka sauya shi ne hanyar da yaro zai bi ya yi aikin, ba ka ɗauke aikin ba. Wanda hannunsa ke rawa ya amsa tambaya biyar maimakon goma, amma biyar ɗin a duba su da jan biro kamar na kowa, inda ya yi kuskure a nuna masa. Yarinyar da ke kan keke ba za ta iya shara ba, amma za ta iya riƙe rajistar masu shara ko raba littattafai. In ya yi laifi a tsawata masa, in ya yi ƙoƙari a yaba masa daidai ƙoƙarin, ba fiye ba.

Akwai kuma yaran da ba mu ma san suna da lalura ba. Su ne muke kira daƙiƙai, ko masu taurin kai, su ne suka fi shan bulala. A yankinmu da sanƙarau ke ɓarkewa lokacin zafi, ga ƙyanda, ga ciwon kunne mai zubar da ruwa da ake bari ya daɗe, yara da yawa suna rasa wani ɓangare na ji ko gani ba tare da kowa ya lura ba. Yaron da kullum yake karkata kai gefe ɗaya, ko yake kallon bakinka maimakon allo, ko sai ya leƙa littafin na kusa da shi kafin ya fara rubutu, ko yake manna fuska a takarda, kada ka yi saurin ɗaukar bulala. Ka tsaya a bayansa ka kira sunansa a hankali. Ka rubuta haruffa a allo, ka sa shi ya karanta daga baya, yana rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba gwajin likita ba ne, amma ya isa ya sa ka kira mahaifinsa ka ce a kai shi asibiti. Wani yaron tabarau kawai ne tsakaninsa da karatu.

Halayenmu na koyarwa ma suna da laifi. Mun saba magana fuskarmu na kallon allo, alhali yaron da jinsa ya ragu da leɓenmu yake dogara. Ka rubuta, ka juyo, sannan ka yi bayani, kuma kada ka tsaya taga na bayanka, domin haske zai dushe fuskarka. Ihu ba ya ƙara masa komai sai kunya. Ga wanda ba ya gani kuwa, "ku haɗa wannan da wancan" ba magana ba ce. Ka ce "ku haɗa 24 da 13", ka riƙa faɗin duk abin da hannunka ke rubutawa. Zabiya ya zauna gaba, nesa da hasken taga, a yi masa rubutu manya, a bar shi ya sa hula mai baki da riga mai dogon hannu, a kuma daina tsayar da shi a rana lokacin taron safe, domin rana tana ƙona fatarsa har ta kai ga ciwon daji.

Kurma yakan zo da maganar hannun da ya tashi da ita a gida da kasuwa, wadda ta bambanta da ta makarantun kurame mai tushe daga Amurka, da wani kurma Ba'amurke mai suna Andrew Foster ya kawo lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Kada a hana shi tasa. Ka koyi alamu kaɗan daga wajensa ko wajen 'yan uwansa, ka koya wa aji duka, ko biyu ne a rana.

Farfaɗiya tana buƙatar magana a fili, domin a nan jahilci yake kashe karatu nan take. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko taɓawa, ko tsallake inda mai ita ya faɗi. Idan ta tashi, ka kawar da benci, ka sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada ka ɗura masa ruwa. Da jijjigar ta lafa ka kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti biyar, asibiti. Yara fuskar malami suke kallo. In ka gudu, gobe ba mai zama kusa da shi, jibi iyaye su zo suna neman a kore shi.

Wani kuskuren shi ne a naɗa yaro ɗaya, yawanci ƙanin mai lalurar ko maƙwabci, ya zama mai tura keke da kwafar rubutu shekara guda cur. Shi ya gaji, wancan kuma ba shi da aboki sai shi. A riƙa juyawa mako-mako. A kuma duba ban ɗaki, domin yarinya mai lalurar ƙafa da ba ta iya shiga sai ta daina shan ruwa da safe, daga baya ta daina zuwa, musamman idan ta fara girma. In ajinta na bene ne, a sauko da ajin ƙasa. Hedimasta zai iya yanke wannan cikin yini ɗaya.

Na san abin da za a ce: aji mai yara ɗari da wani abu, ba horo, albashi na jan ƙafa. Gaskiya ne, kuma ba daidai ba ne a bar malami shi kaɗai. Amma jiran ƙwararre daga Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Oyo, ko daga sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero ko ta Jos, ya sa wasu sun naɗe hannu shekaru. Ƙwararre na farko mahaifiyar yaron ce, na biyu shi kansa. Ka tambaye shi, "Daga ina ka fi ganin allo? Me ya fi ba ka wuya?" A jarrabawa ka ƙara masa lokaci, ko ka karanta masa tambayoyi ya amsa da baki. WAEC da JAMB suna da tanadi ga makafi, amma sai an bayyana lalurar tun wajen rajista, ba ranar jarrabawa ba. Kuma duk dabarar da ka gano tana aiki, ka rubuta ta a shafi ɗaya, ka miƙa wa malamin aji na gaba kafin a tafi dogon hutu.