Kurakuran masu sauraron kiɗa a gida a lokacin sanyin Ingila

A tsakiyar Disamba rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, hasken yinin bai cika awa 8 ba. Ka idar da La'asar, kafin shayinka ya huce Magariba ta shiga. Dare ya yi tsawo, fita ba daɗi, sai a koma falo a kunna kiɗa. A irin wannan lokacin ne mutum zai ji sautin bai yi masa ba, ya ce na'urar ta tsufa, ya fara hangen rangwamen ƙarshen shekara. Sau da yawa na'urar ba ta da laifi, ɗakin ne da hita.

Mu fara da hitar. Falon gidajen nan ƙarami ne, sai a tura lasifika jikin ƙarfen dumama ɗaki don nan kaɗai ke da fili. Akwatin lasifika katako ne da gam, bakinta kuma roba ce ko soso. Zafin yau da gobe yana busar da su har su fara tsagewa. Faifan garmaho kuwa lanƙwashewa yake yi, in ya lanƙwashe kuma da wuya ya miƙe. A ba su tazarar kamar mita ɗaya. Amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ita ma tana fitar da nata zafin, kada a kulle ta a kabad ko a ɗora mata littattafai a kan ramukan shan iska.

In an kawo maka sabuwar na'ura daga motar da ta wuni cikin sanyi, kar ka yi gaggawar jona ta. Ƙarfe mai sanyi in ya shiga ɗaki mai ɗumi gumi yake yi har ciki. Bar ta a kwalinta awa biyu ko uku.

Hita tana busar da iskar ɗaki, kuma duk wanda ya taɓa kama marfin mota a Kano da hunturu ya ji tsat a yatsa ya san abin da busasshiyar iska ke haifarwa. Wannan lantarkin ne ke sa faifai jawo ƙura yana ƙas-ƙas. Na'urar ƙara danshi tana magance shi, ko shanya jiƙaƙƙen tawul ma yana ragewa. Ga waɗanda ke gida Najeriya kuwa, ƙurar hunturu ce ke shiga maɓallin ƙara murya ya riƙa ƙarrr in an murɗa. A rufe na'urar da ƙyalle in an kashe ta, ba tana aiki ba.

Babban kuskuren dai shi ne wurin da ake ajiye lasifika. Mutane na son cusa su a kusurwar ɗaki don kada su tare hanya. Kusurwa tana kumbura kaurin sauti, sai ka ji gum-gum kamar abin kirki, alhali kalangun da ya kamata ka ji yana magana ya zama dunƙulen ruri, muryar mawaƙi ta nutse, 'yan amshi sun cakuɗe. Janyo su daga bango ko da kamu biyu ne. Sannan tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujerarka, ka ɗan karkato fuskarsu gare ka, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti ya daidaita da kunnenka in kana zaune. Wannan gyaran ko kwabo ba ya ci, amma a ganina ya fi sayen wayoyin jona lasifika masu tsada amfani nesa ba kusa ba.

Tun da an zo kan waya: ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, a lasifikar biyu duka. Na taɓa yin wata guda ina sauraron garaya kamar daga cikin rijiya, murya ba ta tsaya a tsakiya, kaurin sauti ya ɓace, ashe wayar hagu na juya lokacin da muka sake jeren falo.

Labule mai kauri da kafet da ake sawa don tare sanyi suna shanye amsa-kuwwar gilashi da daɓen katako. Ja labulen kafin ka kunna, dama ba abin gani a waje.

Sai batun dare. Kunnen ɗan Adam ba ya jin kaurin sauti sosai in murya ta yi ƙasa. Masu bincike biyu, Fletcher da Munson, sun auna hakan tun 1933. Shi ya sa hannu ke ta komawa kan maɓalli. Amma kaurin nan shi ne ke ratsa bango, gidaje da yawa kuma bango ɗaya suka haɗa da maƙwabci, dokar hayaniya ta 1996 ta ɗauki ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe a matsayin dare. Maimakon ƙara murya, danna maɓallin Loudness in amfilifayarka na da shi, don wannan aikin aka yi shi, ka matso da kujera kusa, ka sa roba a ƙarƙashin babbar lasifikar da ke ƙasa. In ka koma ga lasifikar kunne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma wayoyin hannu da yawa yanzu suna nuna maka wannan lissafin.