Buta a Ƙasar Wasu: Kurakuran Banɗaki da Matafiyanmu Suka Fi Yi

Uwar kurakuran ita ce ɗauka cewa kowane banɗaki yana da rariya a ƙasa. A gida ka kwarara ruwa, ya bi hanyarsa ya fice. Yawancin gidajen Ingila da Amurka ba su da wannan rariyar, kuma daɓen saman bene sau da yawa katako ne aka rufe da tayal ko leda. Ka yi tsarki a tsakar ɗakin, ko ka wanke ƙafa ka bar ruwa kwance, to zai nemi kafa ya ɗiga ta silin ɗin maƙwabcin da ke ƙasa, washegari mai gida ya zo da takardar kuɗin gyara. Ba barin tsarki da ruwa za ka yi ba. Zauna a kan masan, ruwan ya zuba ciki, ka wanke ƙafar alwala a bahon wanka, sannan ka goge abin da ya fantsama. In babu buta, robar ruwan sha ta wadatar.

Sai masu hawa masai na zama da ƙafa biyu su tsuguna. Na san sabo ne, wasu kuma ƙyanƙyami, amma abin nan tangaran ne. In ya tsage a ƙarƙashin mutum, yankan da yake yi sai asibiti. Goge bakinsa da tishu ka zauna.

Shi ma tishun, kowace ƙasa da dokarta. A Ingila cikin masai ake jefa shi a kora da ruwa. A Girka kuwa bututunsu sirara ne, shi ya sa ake ajiye ɗan kwando a gefe, nan ne wurinsa. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guwanzu su riƙa tafiya da nasu a aljihu, don banɗakunan jama'a da dama a Sin ba sa ajiyewa.

A Italiya za ka tarar da wani kwano kusa da masai, mai famfo, ba marfi. Bide ke nan, wanda dokar ƙasar ta 1975 ta wajabta a gidaje. Na tsarki ne zalla, kada a yi bayan gida a ciki.

Alhazai, hattara da ɗan tiyon tsarkin nan na banɗakunan Saudiyya da Dubai lokacin zafi. Tankin yana saman rufi rana na dukansa, ruwan farko kan fito kamar na shayi. Fesa a ƙasa tukuna, ka taɓa da hannu. A jirgi kuma, banɗakin bai fi taku ɗaya ba, ga mutum ɗaruruwa na jira. Yi alwalarka tun a filin jirgi.

Jar igiyar da ke rataye a banɗakin naƙasassu a Ingila ba ta kora ruwa ba ce. Ƙararrawar neman agaji ce, kana ja ma'aikata za su taho da gudu su buga maka ƙofa.